Filin Allura da Zare: Kayan da za a tafi da su tsibiri

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Ina fatan kina lafiya, ya aiki, ya iyali? Ni ɗalibarki ce daga nesa. Shekarata biyu da fara ɗinki, kuma yanzu kusan duk abin da nake sawa ni nake ɗinka abina. In Allah ya kai mu watan Janairu za mu je tsibirin Zanzibar ni da maigidana, kwana 10 za mu yi, saura mako 6 ke nan. Na riga na sayi yadi kala uku: shifon mai furanni, da wani mai santsi da aka ce mini siliki ne, sai farin boyel. Niyyata in yi dogayen riguna 6 masu shafi, ɗamammu daga sama, saboda hotuna. To wata ƙawata ta ce wai dafuwa zan yi a ciki. Ni kuwa na saba da zafi, ban ga abin tsoro ba. Anti, wane yadi ya dace, wane irin ɗinki, kuma guda nawa? Ba na son kaya masu nuna jiki.

'Yarki mai koyo

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Wannan ƙawar taki ki riƙe ta, gaskiya ta faɗa miki.

Zafi suna ya tara. Akwai busasshen zafi, akwai zafi mai laima, kuma rigar da ta yi miki daɗi a ɗaya tana iya zame miki azaba a ɗayan. Fitowar zufa ba ita ke sanyaya jiki ba, bushewarta ce. Inda iska take a bushe, zufa na fitowa iska ke lashe ta, jiki ya yi sanyi ba ki ma san an yi ba. Tsibiri kuwa ruwa ne ya kewaye shi, iskar ta riga ta sha ta ƙoshi. A Zanzibar Janairu da Fabrairu suna cikin watannin da suka fi zafi, ma'aunin yakan kai digiri 32 da rana, laimar iska kuma tana wajen kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari. Za ki ce ai 32 ba wani abu ba ne. Haka ne a kan takarda. Amma a can zufar da ta fito ba ta da wurin zuwa, sai ta zauna a fata, riga ta manne, ki ji kamar an lulluɓe ki da jiƙaƙƙen tawul. Saboda haka abu uku nake nema a rigar tsibiri: iska ta ratsa ta, ta ɗauke zufa daga fata, kuma in an wanke ta da dare a same ta a bushe da safe. Duk abin da zan faɗa miki daga nan, a kan waɗannan ukun yake.

Ba a littafi na fara koyon wannan ba. Zuwana na farko bakin teku na tafi da wata doguwar riga da na yi kwana huɗu ina yi wa aiki. Yadin sama auduga ce mai kyau, amma na saka mata shafi na foliyesta don ta zauna daram. A rana ta uku ƙurajen zafi suka feso mini a gadon baya da ƙarƙashin ƙirji, daidai inda shafin yake manne. Da dare na zauna da reza na farke shafin gaba ɗaya. Washegari na sake sa rigar nan, sai ka ce an canza mini wata.

Mu fara da yadi, don shi ne rabin aikin. Kowane zare yana da iyakar laimar da yake iya sha daga iska. Auduga tana shan wajen kashi 8 cikin ɗari na nauyinta, lilin wajen 12, biskos (wanda wasu ke kira reyon) tsakanin 11 da 13, foliyesta kuwa ko kashi 1 ba ya kaiwa. Ma'ana foliyesta ba ya karɓar zufa, sai dai ta kwanta tsakaninsa da fatarki. Akwai foliyesta da ake saƙawa musamman don 'yan wasanni, mai ƙananan ƙofofi da ke tura zufa waje, wannan dabam ne. Amma mai santsin nan da ake sayarwa a yadi don dogayen riguna, leda ce kawai mai kyan gani.

A wurina lilin ne sarki a zafi mai laima. Daga karan wata shuka ake samun zarensa, kuma zaren yana da ɗan tauri, shi ya sa ba ya lafewa a jiki, yana tsayawa nesa da fata kaɗan, iska ta samu hanya. Yana shan zufa da sauri, yana kuma sakinta da sauri. Aibinsa ɗaya, yamutsewa. Ni na daɗe da yafe masa wannan. Sai auduga mara nauyi, irin boyel ɗinki da 'yan uwansa masu laushi. Tana da sanyi, tana jure wanki, sai dai ta fi lilin jinkirin bushewa, musamman in tana da kauri. Biskos shi ya fi kowa zubi da sanyin taɓawa, riga ta yi ta rausaya a jiki, kuma don hotunan da kike so babu kamarsa. Amma yana da hali: in ya jiƙe ƙarfinsa yana raguwa ƙwarai, yana tsukewa a wanki, yana kuma miƙewa in an rataye shi. Auduga da lilin kuwa ruwa ƙara musu ƙarfi yake yi. Ki yi riga ɗaya ko biyu da biskos, kada ki yi wando mai ɗamewa da shi, wurin zama zai fara sakin ɗinki.

Yanzu yadukanki uku. Ki yanko ɗan ƙyalle daga kowanne, kamar faɗin yatsa biyu, ki riƙe da hantsaki a kan kwano mai ruwa, ki kusantar da ashana. Auduga da lilin da biskos suna kamawa da sauri, su yi warin takarda mai ƙonewa, su bar toka mai laushi. Siliki na gaskiya yana warin ƙonannen gashi, ya bar baƙin ƙullutu da ke murƙushewa a yatsa. Foliyesta yana janyewa daga wuta, ya narke, ya bar ƙwallo mai tauri da ba ya fashewa. Ina kyautata zaton shifon ɗinki da wannan "silikin" duk narkewa za su yi, don yawancin shifon da ke yawo yanzu foliyesta ne. In haka ta faru kada ranki ya ɓaci. Shifon ɗin ki yi buɗaɗɗiyar rigar ɗorawa da shi, mara maɓalli, wadda za ki yafa da yamma a kan rigar auduga. Tunda ba ya taɓa fata kuma gabansa a buɗe yake, ba zai dame ki ba. Mai santsin ki ajiye shi sai wani lokaci. Boyel ɗin kuwa shi ne abin kirkin da kika saya, in gwaji ya nuna auduga ce.

In za ki ƙaro yadi, ki yi masa gwaji biyu tun kafin a yanka. Ki kara shi a baki ki hura, ɗaya hannun yana bayansa; in iskar ba ta iso tafin hannunki ba, ki ajiye. Sannan ki damƙe shi a hannu ki ƙirga goma ki saki, ki ga irin yamutsewar da za ki iya zama da ita. In a intanet za ki saya, ki duba nauyin da suka rubuta na kowace murabba'in mita: giram 70 zuwa 100 na riguna marasa nauyi ne, 120 zuwa 150 na riga ko doguwar riga da ba ta bukatar shafi, 180 zuwa 200 na wando.

Ga wani wuri da sai kin yi hankali, don abu biyu ne ke ja-in-ja. Yadin da iska ta fi ratsawa, shi rana ma ta fi ratsawa. Zanzibar tana wajen digiri 6 ne kawai kudu da layin da ya raba duniya biyu, rana a tsaye take, ma'aunin haskenta mai ƙona fata yakan haura 11 da tsakar rana, ga ruwa da farin yashi suna mayar da shi sama. Akwai ma'aunin kariyar tufafi da ake kira UPF, wanda Ostireliya da Niyu Zilan suka fara kafa wa ƙa'ida a 1996. Yadi mai UPF 50 kashi 2 cikin ɗari kawai yake bari ya wuce. Farar rigar auduga mara kauri tana wajen 5 zuwa 7, in ta jiƙe ta sauko wajen 3, wato sulusin hasken yana isa fata. Kada ki ce ai fatarmu ba ta ƙonewa. Tana ƙonewa, tana saɓulewa, tana barin tabo mai daɗewa. Don haka farin boyel na safe ne da yamma da inuwa. Na tsakar rana, musamman ranar da za ku shiga jirgin ruwa, ki samu riga ɗaya mai dogon hannu ta yadi mai matsattsiyar saƙa, mai launi. Ki ɗaga yadin ki kalli rana ta cikinsa. In kina ganin ɗigo-ɗigon haske da yawa, ba na wannan aikin ba ne.

Maganar launi ana yawan cewa fari kawai, baƙi zafi gare shi. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. A 1980 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani bincike a kan makiyayan hamadar Sinai masu sa baƙaƙen riguna. Aka samu cewa baƙar riga ta fi ɗaukar zafin rana, amma zafin da ke isa jikin mai ita daidai yake da na mai farar riga, saboda rigar tana da yalwa, iska tana shiga ta ƙasa ta fita ta sama da zafin. A hamada aka yi, ba a tsibiri ba, amma darasin na ɗinki ne: yalwa ta fi launi muhimmanci. Ni dai nakan zaɓi launuka na tsaka-tsaki da masu zane, don fari sol yana nuna jiki in ya jiƙe, toka-toka da shuɗi mai haske suna tona asirin zufa a hammata, baƙi kuma sauro ya fi bi.

Kafin almakashi ya taɓa komai, ki wanke yadin duka. Wannan shi ne abin da masu koyo suka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi jawo kuka. Ki auna murabba'i mai inci 10 a kowane gefe, ki wanke, ki shanya, ki sake aunawa. In ya koma 9 da rabi, kashi 5 cikin ɗari ke nan, kuma a doguwar riga mai tsawon inci 56 kusan inci 3 ne za su tafi. Ki wanke yadin yadda za ki riƙa wanke rigar, lilin da biskos ma sau biyu. Wankin yana fitar da sitacin kamfani da ke toshe ƙofofin saƙa, yana kuma nuna miki wanda ke zuba. Ki ɗinke bakin da aka yanka kafin ki jiƙa, kada ya zare.

To, sai yanka. Ɗamammun rigunan nan 6, 'yata, ki bar su. Na san hoto kike hange, amma mace mai jiƙaƙƙen baya da fuska a murtuke ba ta kyau a hoto ko da wace riga ce. Kin ce ba kya son kaya masu nuna jiki, kuma a nan sutura da jin daɗi hanyarsu ɗaya: yalwa. Ki ƙara inci 5 zuwa 6 a kan awon ƙirjinki, haka ma a ƙugu. Ramin hannu ki sauke shi inci 1 zuwa 1 da rabi ƙasa da yadda kika saba, don hammata ce wurin da yadi ya fi jiƙewa ya goge fata. Hannun ya zama mai faɗi, bakinsa a buɗe, ba roba. Wuya ma kada ya shaƙe. Iska mai zafi sama take yi, in ba ta samu mafita a wuya ba, a cikin rigar za ta zauna. In kina son siffa ta fito kaɗan, ki yi tattara daga kafaɗa ko daga saman ƙirji, ko ki yi siririyar igiya da yadin ki ɗaura sako-sako lokacin hoto, ki kwance bayan nan.

Wando ki yi mai faɗin ƙafa, ki yi masa ƙubaka da zariya, ko roba a baya kawai gaba a shafe. Roba mai faɗi da ta zagaye ƙugu duka tana tara zufa, nan ƙuraje ke fara fitowa. Ki ƙara zurfin wandon inci 1 don zama ya yi daɗi. In cinyoyinki suna gogar juna, ki ɗinka gajeren wando na ciki guda biyu da auduga mai laushi, ki sa ƙarƙashin doguwar riga. Ba a cika faɗin wannan ba, amma yana iya ceton tafiya gaba ɗaya.

Shafi kuwa, kada ki haɗa shi da riga. Ki ɗinka shimi ɗaya ko biyu daban da farin boyel ɗinki ko auduga mai launin fata. Riga mai shafi yadi biyu ne a manne, kwana biyu tana iya yi ba ta bushe ba a irin wannan iska. In a rabe suke kowanne ya bushe da kansa, kuma shimi ɗaya za ta yi wa riguna uku aiki.

Akwai abubuwan da sai wanda ya je yake tunawa da su. Daga Disamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas ce ke kaɗawa a wannan gaɓar, kuma a bakin ruwa ba ta wasa. Siket na naɗi da riga mai doguwar tsaga za su sa ki wuni hannu ɗaya yana riƙe da yadi. In dole sai naɗi, ki ba shi ninki mai yawa ki sa igiya ta ciki. Tsawon riga ya tsaya a idon sawu, kada ya ja ƙasa, don ƙananan jiragen ruwa da yawa sai an taka cikin ruwa ake hawansu, kuma jiƙaƙƙen yashi yana maƙalewa a kalmasa. Ranar jirgin ruwa wando ya fi. Mayafi ki yi na auduga mara nauyi, ba mai santsi ba, shi ya fi zama a kai. In za ki ɗinka malafa, faɗin bakinta ya kai inci 3, ki sa mata igiyar haɓa. Ki guji zif na ƙarfe da ƙugiyoyin ƙarfe, iskar gishiri tana sa su tsatsa su ɓata yadi. Na roba ya fi, rashinsu gaba ɗaya ya fi komai. Aljihu ɗaya a ɗinkin gefe, mai zurfin da waya za ta shige, da yadi mara nauyi. A tsohon garin Zanzibar, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, ana son baƙi su rufe kafaɗa da gwiwa, to kayanki sun riga sun wuce wannan.

Kan keke: yadi mara nauyi allura siririya yake so, lamba 10 ko 11 ga boyel da biskos, lamba 12 ga lilin, kuma sabuwa, don tsohuwar allura tana fizgar zare. Tsawon taku milimita 2 zuwa 2 da rabi. Gam ɗin da ake mannawa a wuya ki rage shi, ko ki naɗe wuyan da siririn ƙyalle da aka yanka a karkace, ya fi sanyi ya fi saurin bushewa. Ɗinkin gefe ina so ki koyi wanda ake kira ɗinkin Faransa, mai ɓoye bakin yadi a ciki. Ki bar inci 5/8. Ki haɗa yadin bayansa da bayansa, fuska a waje, ki bi a inci 1/4. Ki rage bakin ya koma 1/8, ki goge, ki juya fuska da fuska, ki sake bi a 3/8. Bakin ya shige ciki ke nan, ba abin da zai soki fata, ba abin da zai zare. Wibin, wato ɗinkin keke mai naɗe bakin yadi da zare, ya fi sauri, na sani, amma zarensa yana ƙaiƙayi a jikin da ke zufa, lilin kuma yana son zarewa. Rigar biskos ki rataye ta kwana ɗaya cur kafin ki yi kalmasa, ta gama miƙewarta, sannan ki daidaita ƙasan.

Guda nawa? Na kwana 10, ni ga abin da zan ɗinka: dogayen riguna 2, ɗaya lilin ɗaya biskos, wanduna 2, riguna 3 masu sauka ƙasa da ƙugu, ɗaya cikinsu ita ce mai matsattsiyar saƙa ta rana, shimi 2, sai rigar ɗorawa ta shifon ɗinki. Ki zaɓi launuka biyu ko uku da ke tafiya tare, ta yadda kowace riga za ta hau kowane wando. Da wannan za ki yi shiga 8 ba ki maimaita ba, kina wanke na jiya da dare. Doguwar riga mai yalwa za ta ci yadi 3 da kwata a mai faɗin inci 58, wando 2 da rabi, riga mai dogon hannu 2. In akwai ƙaramin jirgin sama a cikin tafiyarku ki tambayi nauyin da suke yarda, wasu kilo 15 ne iyaka. Ki kuma riƙe mayafi ɗaya mai ɗan kauri a hannu, cikin jirgi sanyi ne.

Mako 6 ya isa in ba ki tsaya ba. Makon farko na wanki ne da gwaji. Ki yanka fasali ɗaya na riga da ɗaya na wando a akoko ko tsohon zanen gado, ki gyara har ya zauna, sannan ki yi ta maimaita su. Ba yanzu ne lokacin koyon sabon salo shida ba. Wadda kika fara gamawa ki sa ta ki wuni kina aiki a wuri mai zafi, ki zauna, ki sunkuya, ki ɗaga hannu, sannan ki wanke da hannu ki shanya a cikin ɗaki ki ga awa nawa za ta yi. Abin da ta gaya miki shi za ki gyara a sauran. Makon ƙarshe kada ki bar masa komai sai maɓalli da guga.

Kalma biyu kan sauro, tunda ya shafi sutura. Mai kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo, mai kawo maleriya daga magariba zuwa asuba, kuma dukansu suna iya huda siririn yadi in ya lafe a fata. Yalwar nan a nan ma tana aiki. Maganin shafawa mai sinadarin DEET yana lalata biskos da yadi mai roba, amma ba ya taɓa auduga, don haka ki shafa ki bari ya bushe kafin ki sa riga. Maganar rigakafin maleriya kuma ku ga likita tun yanzu. In kun dawo ki rubuto mini wace riga kika fi sawa. Ina da wadda nake zato.

TAMBAYA

Anti barka da aiki. Ina son shiga ruwa in mun je tsibiran Maldibs, amma da sutura. Zan iya ɗinka kayan ninkaya da yadin auduga mai miƙewa da nake da shi? Kekena miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi.

Ƙanwarki

AMSA

Ƙanwata, da auduga a'a, kuma wannan maganar lafiyarki ce kafin ta zama ta ado. Auduga tana shan ruwa ta yi nauyi, ta saki, ta nannaɗe ƙafa, ga shi tana manne wa jiki ta nuna abin da kike son rufewa. Yadin ninkaya daban yake: nailan ko foliyesta wajen kashi 80, da zaren roba wajen kashi 20, mai miƙewa ta tsawo da ta faɗi. Nan ne kaɗai za ki ji na yabi foliyesta, don rashin shan ruwan da na zarge shi da shi a sama, a cikin teku shi ake nema. Ya ma fi nailan jure sinadarin kulorin na wuraren wanka.

Irin suturar da kike nufi ta yaɗu ne tun 2004, lokacin da Aheda Zanetti, 'yar Ostireliya haifaffiyar Labanan, ta fito da wadda ta kira burkini: wando, riga mai sauka cinya, da hula. Wandon da hannun riga ki yanka su ƙasa da awonki da kamar kashi 10 cikin ɗari, don yadin yana saki a ruwa. Jikin rigar ne za ki ba 'yar yalwa. Dole ki sa igiya ko maɓalli a ciki, gefe biyu, masu haɗa riga da wando, in ba haka ba kina shiga ruwa rigar za ta taso sama. Hular ta kama kai da kanta, ba fil, ba jela mai tsawo. Launi ki zaɓi mai ƙarfi irin ruwan lemo ko ja, wanda za a hango ki daga nesa. Fari yana zama shara-shara, shuɗi yana sajewa da ruwa.

Matsalar ita ce kekenki. Miƙaƙƙen ɗinki ba ya miƙewa tare da yadi, kina jan wandon sama za ki ji zare yana tsinkewa. Ana bukatar zigzag, wato ɗinki mai tafiya hagu da dama, da allurar yadi mai roba lamba 11, da zaren foliyesta, da robar da aka yi don ruwa. In za ki samu aron keke mai zigzag na kwana biyu, bismillah, ki fara gwadawa a ƙyalle ki ja da ƙarfi. In ba za ki samu ba, ki sayi wannan ɗin a ɗinke, ki sa ƙoƙarinki a rigar da za ki ɗora in kin fito. Kowane fita daga teku ki ɗauraye da ruwan daɗi, ki matse a tawul ba murɗawa, ki shanya a inuwa.

TAMBAYA

Hajiya ina wuni. Ni ɗan koyo ne a shagon ɗinkin maza. Yayana zai je tsibirin Morishiyos a watan Disamba, na yi masa rigar lilin, amma ya ce ko awa ɗaya ba ta yi ta yamutse. Ko akwai dabara?

Ɗanki

AMSA

Lafiya lau ɗana, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ba laifin hannunka ba ne, zaren lilin ba ya komawa in an lanƙwasa shi, halittarsa ke nan. Yana raguwa da yawan wanki, don haka ka wanke rigar sau uku ko huɗu kafin tafiya, ka goge ta tana da ɗanshi da dutse mai zafi, ba sitaci. Ta biyun ka nemi gaurayen lilin da auduga, yakan zo 55 da 45, ya fi haƙuri. Ko ka nemi siyasoka, audugar nan mai ratsi-ratsi da aka saƙa da ƙudurori da gangan. Sunan daga Farisanci ne, ma'anarsa madara da sukari, wato layi mai santsi da layi mai gurzo. Ba ta son guga sam, ƙudurorin kuma suna ɗaga yadin daga fata. Disamba tsakiyar zafi ne a Morishiyos, ka ƙara inci 5 a kan awon ƙirjinsa, ka yi ninki a tsakiyar baya ƙarƙashin kafaɗa, da 'yar tsaga a gefe biyu don a sa ta a sake. Ka ce masa ya naɗe rigunan kamar tabarma maimakon ninkewa, in ya isa ya yayyafa musu ruwa ya rataye. Kada kuma ya cusa jiƙaƙƙiyar riga a leda ranar dawowa. Kwana ɗaya ko biyu sun isa fumfuna ta kama, kuma baƙin ɗigonta a farin lilin da wuya yake fita.